A Daina Yanke Mana Hukunci Muna Bakin Rijiya

Ƴan uwa makiyaya, da dillalai, da fataken bisashe, wanda ya karanta da kansa da wanda aka karanta masa a gindin itace ko a rumfar kasuwa. Yau maganar siyasa za mu yi, kuma mun san tun kafin mu buɗe baki akwai dattijon da zai kawar da kai ya ce makiyayi ba ruwansa da siyasa, shi dai Allah ya ba shi ruwa da haki. To, Baffa, da kai muke, ka yi haƙuri ka saurare mu har ƙarshe, domin ruwan nan da hakin nan da kake roƙo, akwai ɗakin da ake zama ana raba su, kuma kujerarka a ɗakin wani ne ke zaune a kanta.

Mu fara da abin da bai kamata wani ɗan makiyayi a Nijar ya manta ba. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou. Wakilai wajen 1,200 suka taru, ƴan ƙwadago da ɗalibai da ƴan jam'iyyu da ma'aikatan gwamnati, suka kwance mulkin jam'iyya guda, suka tuhumi manya a bainar jama'a, ƙasa duka tana saurare ta rediyo. Ba mu raina wannan aiki ba, babban aiki ne. Amma ranar 30 ga Oktoba na wannan shekara, saura kwana huɗu a rufe taron, a Toda cikin yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi, aka kashe makiyaya sama da ɗari, mafi yawansu mata da yara, a kan rikicin gona da bisashe. Ana can ana ɗaura wa ƙasa sabon aure da dimokuraɗiyya, mu muna nan muna haƙa kaburbura. Fiye da wata uku ana muhawara, galibi da faransanci, kuma maganar burtali da mashaya da ranar sakin gonaki, wadda ita ce ta ci rayukan mutanen Toda, ba ta samu matsayin da albashi da kuɗin ɗalibai suka samu ba. Ba don ƴan taron miyagu ne ba. Kowa ya kai kukan gidansu ne, mu kuwa masu kai namu ba su da yawa, muryarsu kuma ba ta da ƙarfi.

A wannan shekarar dai matan Nijar suka koya mana darasin da har yau ba mu haddace ba. Da aka kafa kwamitin shirya taron, mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ba su zauna suna jiran a tausaya musu ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 suka fito kan titunan Yamai da yawansu, suka nufi inda ake shirin, suka ƙi komawa gida sai da aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa har yau 13 ga Mayu take ranar matan Nijar. Kujerar shawara ba a aiko wa mutum da ita har ruga, zuwa ake yi a karɓa.

Ina ake yanke hukunci?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka dimokuraɗiyya ita ce ranar zaɓe, ranar da mota ke zuwa da buhun sukari da shayi da atamfa, a kwashe mu zuwa rumfa, a dangwala mana tawada a yatsa, a maido mu, sai kuma bayan shekara biyar. Wanda ya koya mana haka ya cuce mu. Ƙuri'a rana ɗaya ce, hukunci kuwa kullum ake yanke shi. Ana yanke shi a zaman kofo, wato hukumar kula da filaye, tun daga ta ƙauye har ta komin da ta departama. Ana yanke shi ranar da ake tsara kasafin kuɗin komin, da ranar da ake zaɓen kwamitin rijiya, da ranar da gwamna zai sa ranar sakin gonaki, da ranar da ake yanka kuɗin tikitin kasuwa. Ana kuma shirya shi tun kafin nan, a fadar sarki, a gidan rediyo, a majalisar shayi ta bakin titi, inda ra'ayin jama'a ke nuna kamar fura a ƙwarya. Wannan fage, inda talaka ke faɗin ra'ayinsa a ji, a ba shi amsa, shi ne ran dimokuraɗiyya. Wanda ba ya cikinsa, ko ya jefa ƙuri'a goma, baƙo ne a ƙasar ubansa.

Kuma an gina fagen nan ne daidai da zaman mutumin gari. Ku dubi lokaci. Zaɓen kananan hukumomi na farko da aka kammala a Nijar, wanda ya kafa komin 265, an yi shi ranar 24 ga Yuli 2004, tsakiyar damina, lokacin da garke ya ba gonaki wuri ya yi arewa. Zaɓen shugaban ƙasa na 2016 an yi shi a watan Fabrairu, na 2020 a ƙarshen Disamba, lokacin da wasunmu sun gangara kudu, wasu ma sun tsallaka iyaka. Manomi yana jefa ƙuri'a a makarantar da ke bayan gidansa. Makiyayi an rubuta sunansa a wani ƙauye da ya bari tafiyar kwana goma, idan ma an rubuta, domin wanda aka haifa a bayan saniya tsakanin Tanut da Ingal ba kullum yake da takardar haihuwa ba. Haka ma zaman kofo: a aiko da takardar gayyata ranar Talata, zama ranar Alhamis da hantsi, daidai lokacin da kowane namiji mai ƙarfi yana bakin rijiya yana jan wasaki. Idan ba mu zo ba sai a rubuta cewa an gayyaci makiyaya ba su halarta ba, a ci gaba.

Gaskiya ne a zaɓen 1993 an ware kujeru takwas na musamman a majalisar dokoki mai kujeru 83, domin yankuna irin su Bermo da Tesker da Tasara da Ngurti da Bankilare su samu wakilci. Mun yaba. Amma kujera takwas ba ta wakiltar makiyayin da ke zaune cikin manoma a Madawa ko Mayayi ko Gaya, wanda a kowace rumfar zaɓe shi ne ƴan tsiraru, kuma shi ne wanda burtalinsa ke ƙanƙancewa kowace damina.

Ranar da muka zauna, me aka samu?

Mai cewa zaman shawara ɓata lokaci ne, ga amsarsa. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayanta na kiwo ne. An rubuta ta ba tare da mu ba, kuma da gonaki suka fara tsallake ta, musamman bayan farin 1973 da na 1984, babu ƙungiyar da za ta tsaya ta ce a'a. Kowa ya san yadda kwarin Tarka ya koma a yau. Sai a 1990, da iskar sauyi ta kaɗa, makiyaya suka fara kafa ƙungiyoyinsu na kansu, irin su AREN. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da kundin dokokin karkara, wanda ya kafa kofo ya kuma ba makiyaya kujera a ciki. A 1997 aka amince da cewa makiyayi ma yana da mazauninsa na asali, inda yake da fifiko kan ruwa da makiyaya, ko da ba ya nan shekara duka.

Daga nan aka shiga doguwar kokawa ta dokar kiwo. Shekara da shekaru ana zama, jiha jiha, ana rubutawa ana gogewa, wakilanmu suna fita cikin fushi suna dawowa. A ƙarshe, ranar 20 ga Mayu 2010, aka sa hannu a kan doka mai lamba 2010-29. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali na makiyayi, wanda hukuma za ta kare. Ta hana wani ya mallake dajin kiwo shi kaɗai. Ta tabbatar da iyakar 1961. Ta ce kafin a sa ranar rufe gonaki da ranar sakinsu sai an ji ta bakin ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Makiyayan ƙasashe maƙwabta da dama har yau sha'awar wannan doka suke yi. Ba kyauta aka ba mu ba, gumin waɗanda suka bar garkensu a hannun ƴaƴa suka je suka zauna ne.

Amma doka a takarda kamar rijiya ce ba guga. Bayan an sa hannu sai muka koma daji muka ce an gama. Masu kuɗi suka ci gaba da kewaye daji da waya, ƴan amalanke suka ci gaba da kwashe haki tun kaka suna sayar mana da shi a bazara, gonaki suka ci gaba da cin burtali taki ɗaya taki ɗaya. A watan Nuwamba 2016, a Bangi ta yankin Madawa, aka sake zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya, mutane kusan ashirin suka mutu, shekara ashirin da biyar cif bayan Toda, shekara shida bayan dokar da muke alfahari da ita. Dokar da masu ita ba su san ta ba, ba su kuma zauna inda ake aiki da ita ba, ba ta hana komai.

Kuɗinmu na shiga, muryarmu na waje

Ku ƴan kasuwa, wannan taku ce. Ƙidayar noma da kiwo ta 2005 zuwa 2007 ta samu bisashe sama da miliyan 31 a Nijar. Ku je Ballayara ko Abalak ko Dakoro ko Gidan Idar ranar kasuwa, ku ga yadda mai tikiti ke yagar takarda tun safe har la'asar: na shiga, na saye, na lodi. A komin da yawa na karkara kasuwar bisashe ita ce babbar saniyar tatsa. To a cikinmu wa ya taɓa zama ya ji an karanta nawa aka tara a shekara, da inda aka kai shi? Kasuwar da ke ciyar da komin sau da yawa ba ta da famfo, ba ta da inuwa, ba ta da wurin lodi na kirki, sai a tura sa cikin mota da bulala har ya karye. Wanda ke biya yana da haƙƙin tambaya. Ba rashin kunya ba ne, ba tawaye ba ne, doka ce ta ce zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a. Shekara kusan ashirin ƙofar nan tana buɗe, mu nawa muka shiga?

Haka abin yake a sama. A ƙarshen 2019 Benin ta rufe ƙofarta ga garken ƙetare. Daga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya wata da watanni, bisashe suka taru a kasuwa ba mai saye. A Janairu 2025 Nijar ta kammala fita daga CEDEAO, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1998 ta kawo takardar tsallaka iyaka da garke. A Mayu 2025, gab da babbar Salla, aka hana fitar da bisashe waje domin rago ya yi sauƙi a birni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa a wurin masu shi, kuma ana iya gardama a kai. Abin da ba a gardama a kai shi ne yawancinmu a rediyo muka ji, bayan an gama, wasu da ragunan da suka yi wata shida suna ci da dusar bashi.

Masu magana da sunanmu

Yanzu mu juyo gida, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai wani sabon nau'in makiyayi da ya tsiro tun shekarun 1990, makiyayin otel. Yana da rawani mai kyau da jaka da hatimi, ya san sunan kowane mai ba da tallafi, ba ya rasa taron bita, yana sa hannu ya karɓi kuɗin zama. Rabonsa da ya kwana a ruga tun yana yaro. Idan aka ce an tuntuɓi makiyaya, shi aka tuntuɓa. Ba mu ce duk ɗan boko haka yake ba, domin ba don ƴaƴanmu da suka yi karatu ba da dokar 2010 ba ta fito ba. Ma'aunin guda ne: wa ya aike ka, kuma da ka dawo wa ka gaya wa abin da aka ce? Wakilin da ba ya komawa bakin rijiya ya ba da labari, kansa yake wakilta.

Akwai kuma kujerar makiyaya a kofo da ake ba wa wani mutumin gari mai shanu biyar a bayan gida da gona kadada goma. Ranar da za a yi maganar burtali, da wace zuciya zai yi magana, ta mai shanu ko ta mai gona? Mun bar shi ne saboda ranar da aka yi naɗin ba mu zo ba.

Laifinmu na uku ya fi ciwo. Mun raba kanmu: wannan Bafillace, wannan Buzu, wannan Balarabe, wannan Tubawa ne, wannan Bahaushe mai kiwo, wannan na arɗo wane, wancan na arɗo wane. Ɗan siyasa ya gane haka tuntuni, sai ya ba wannan rijiya ya hana wancan, ya naɗa wa wannan rawani don ya karya wancan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun kuma bar mata a baya, alhali su ke sayar da nono, su suka san farashin hatsi, su ne kuma suka fi mutuwa a Toda. Mun hana yara makaranta don kada a rasa mai bin garke, yau ga shi muna biyan wani ya karanta mana takardar da aka rubuta a kanmu. Idan an kama bisashenmu sai mu kwance ɗan maraƙi mu sayar mu toshe baki, maimakon mu nemi a bi doka a auna ɓarna a gaban shaidu. Kowace toshiya da muka bayar tana koya wa mai karɓa cewa makiyayi ba ɗan ƙasa ba ne, abin tatsa ne.

To yanzu da babu zaɓe fa?

Mun san abin da wasu za su ce. Tun 26 ga Yuli 2023 soja ke mulki. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun komin da na jihohi, aka naɗa masu riƙo. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyu, aka kafa kundin sake gina ƙasa da wa'adin shekara biyar. Sai su ce ina amfanin wannan dogon bayani? Mu kuwa muna cewa yanzu ne ma yake da amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar nan ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010, kuma kowane lokaci an dawo an zauna an rubuta sabon tsari da sabuwar dokar zaɓe. Muna cikin masu son a koma ga ranar da talaka zai zaɓi mai mulkinsa ya kuma iya sauke shi, domin wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. Amma idan ranar ta zo ta same mu yadda 1991 ta same mu, za a sake ɗinka rigar daidai jikin mutumin gari. Kuma kafin nan kofo tana zama, ana sa ranar sakin gonaki kowace kaka, ana karɓar tikiti kowace kasuwa. Mai riƙon komin, ko soja ne ko farar hula, da kuɗin jama'a yake aiki, yana kuma da kunnen da zai ji idan jama'a suka zo masa a haɗe, cikin ladabi, da takarda a hannu.

Ga abin da muke nema daga hukuma, a fili. A riƙa sa zaman kofo da na kwamitin rijiya a ranar kasuwa, a sanar ta rediyon karkara mako biyu kafin nan. A yi zaman da harshen da mutane ke ji. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, to a fara da fassara dokar kiwo a karanta ta a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Tamajak da sauran harsunanmu. A kai masu ba da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa inda muke taruwa, a bikin shan gishiri na Ingal da manyan kasuwanni da bakin rijiyoyin rani. Duk ranar da za a sake rubuta dokar zaɓe, a yi wa mai yawo hanyar jefa ƙuri'a inda ranar ta same shi. A manna lissafin kuɗin kasuwar bisashe a ƙofar kasuwa, kowa ya gani.

Ga kuma abin da muke nema daga kanmu. Kowace ruga da kowace kasuwa ta san sunan wanda ke zaune a kujerar makiyaya a kofonta, idan ba namu ba ne a nemi a sauya shi. A tara masa kuɗin mota daga aljihunmu, a ba shi mai tsare masa garke ranar zama, domin wakilin da wani ya biya wa mota bakinsa na wancan ne. Ya dawo ya ba da labari a gaban maza da mata. A kowane gida a ware yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a bar su su yi karatu har ƙarshe. Wayar salula da ke aljihunmu, wadda muke tambayar farashin sa da ita, mu kira gidan rediyo da ita ranar da ake muhawara, mu faɗi sunanmu da inda muke, mu yi magana da hujja ba da zagi ba. Mu nemi manomi mu zauna da shi tun kafin shuka, a bi burtali tare a kafa alama, domin shi ma talaka ne irinmu, kuma rikicinmu da shi wasu ne ke cin ribarsa. Wanda ya saki garke cikin gonar mutum da gangan, mu fara hukunta shi da bakinmu, don mai neman a bi masa doka sai ya fara bin ta.

Baffa, mun dawo gare ka. Ka ce ba ruwanka da siyasa, amma siyasa ta san adadin shanunka, ta san hanyar da kake bi, ta san rijiyar da kake sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan bai faɗa ba, wanda ke waje zai rantse ɗakin lafiya lau yake. Ranar kasuwa mai zuwa, bayan ka sayar ka sayi gero da kanwa, kada ka yi saurin ɗaure kaya. Ka tambayi inda ake zama, ka shiga, ka nemi wuri ka zauna.

Allah ya jiƙan mutanen Toda da na Bangi da duk wanda ya rasa ransa tsakanin gona da garke. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.